Fayil ɗin Albarzam

Ni ce na kai fim ɗin gidan Baba, saboda haka duk abin da ya biyo baya ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Lokacin Umma ta yi wata bakwai ko takwas da rasuwa, Baba kuma ya koma wani mutum da ban sani ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana kula da fayil-fayil a ma'aikata, kuma ko da ya yi ritaya bai daina ba, don ko katin ɗaurin aure aka kawo masa sai ya huda shi ya ɗaure da zare. To wannan mutumin ne ya koma zaman kujera a falo, daga "ina kwana" sai "Allah ya yi albarka". Duk Juma'a in na taso daga ofis nakan biya Abakpa in yi masa girki kafin in wuce gidana a Badarawa, kuma kullum yadda na bar shi haka nake samunsa. Abin ya dame ni ƙwarai, don shirun nan yana cin sa ina gani.

Wata rana na shiga shagon masu tura fina-finai na ce a ba ni wani abu na tarihi ko na namun daji, wanda dattijo zai iya kallo. Mai shagon ya ce, "Hajiya, bari in ba ki wanda ake yayi." Sai da na je gida na kunna na ga aika-aikar da ya yi mini. Wani dogon shiri ne na Turawa, kashi-kashi, na mutanen da ke yaƙi a sararin samaniya cikin manyan jirage, an fassara shi da Hausa. Mutum ɗaya ne yake yin muryar kowa, har ta matan, kuma in kyaftin ya fusata sai ka ji ya ce wallahi tallahi yau sai an yi ta ta ƙare. Na miƙa hannu zan kashe, sai Baba ya ce, "Bar shi, Uwata." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na bar shi.

A cikin jiragen akwai wasu da ake ce wa ƙirar Albarzam, kamar dai yadda za ka ce mota ƙirar kaza. Dogaye ne masu kauri a kai da gindi kamar taɓarya, kuma da zarar ɗaya ya ɓullo kowa sai ya nemi wurin ɓuya. Baba ya ƙaunaci jiragen nan. Amma kallo kawai yake yi, bakinsa a rufe, har ranar da Kawu ya zo.

Kawu ƙanin Umma ne, alaramma, yana da makarantar allo a Rigasa. Da yake ƙanin mata ne, tun ina yarinya na san su da Baba suna tsokanar juna. Shi yana kiran Baba "Akawu", Baba kuma in zai ce "Alaramma" sai ya ja kalmar har ta koma zolaya. Bayan rasuwar Umma ƙafarsa ta ɗauke, sai jefi-jefi. Ran nan bayan an sauko daga masallaci ya shigo gaisuwa, ya tarar da mijin yayarsa ya ƙura wa talabijin ido. Na ga ya gyara zama ya yi gyaran murya, na san wa'azin ɓata lokaci ne ke tafe. Kafin ya buɗe baki sai mai fassara ya kwarma ihu, "Ku gudu, ga Albarzam nan!"

Kawu ya dakata. Ya ce, "Me ya ce?"

Baba ya ce, "Albarzam. Sunan ƙirar jirgin ke nan."

"Ai wannan sunan tauraro ne," in ji Kawu. "Daga littattafanmu suka ɗauka. Duk sunayen taurarin da Turawa ke taƙama da su a wurin malaman Larabawa suka kwasa."

Baba ya juyo gaba ɗaya, abin da na daɗe ban ga ya yi ba. Ya ce, "Alaramma, tsaya a kan allonka. Dubi jikin jirgin, da manyan baƙaƙe aka rubuta shi. Taƙaitawa ce. Bature ba ya raɗa wa abu suna sai kwamiti ya zauna, kowane harafi da kalmar da yake wakilta. Ni na yi aiki da ragowarsu."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kai ina takardarka?"

Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Maganar da Baba ya yi a minti goman nan ta fi wadda ya yi a wata guda.

Daga ranar Kawu bai ƙara fashin Juma'a ba. Da ma Alhamis da Juma'a ba a karatun allo, sai ya riƙa hawo keke tun daga Rigasa, ya yi salla a kusa da mu, ya shigo da gafakarsa cike da littattafai masu jan takarda. Baba kuwa ya buɗe fayil. Wallahi ba ƙari nake yi ba, sabon fayil kore ya ɗauko, ya rubuta ALBARZAM a bango, ya ba shi lamba. Duk hujjar da aka kawo sai ya rubuta ta ya sa kwanan wata, in an tashi kuma ya rubuta a ƙasa, "A sake kawowa Juma'a."

Matsalar ita ce kowannensu da irin hujjar da yake karɓa. Kawu ba ya karɓar magana sai ya san wanda ya faɗe ta, da wanda ya faɗa wa wancan, har a dangana da tushe, kuma kowane mutum a cikin jerin sai an san halinsa. Baba kuma ko waliyyi ne ya zo masa da magana, in babu takarda mai lamba da sa hannu, to hira ce. Kawu ya kwashe makonni yana bin sunayen taurari bai sami Albarzam ba, ya ce ai littafin da yake ciki yana wajen wani malami a Zariya. Baba ya cika shafi huɗu yana gwada kalmomin Turanci a kan haruffan, kullum sai harafi ɗaya ya yi masa gardama, ya ce ai kwamitin ne bai iya aiki ba.

Ni aka mayar alƙali kuma 'yar aike. Suka sa na shiga wani zaure na masu kallon shirin a waya don in nemo musu amsa. Ashe can ma wutar ake hurawa. Samari da 'yan mata daga Kano, Katsina, Sakkwato, har da wani da ya ce daga Agadas yake, sun rabu gida-gida. Wasu sun ce sunan wani sarkin yaƙi ne na zamanin da, wasu sun ce tsauni ne, wani kuma ya rantse mai fassarar ne ya ƙaga sunan don na asalin ya fi ƙarfin harshensa. Duk na karanta wa tsofaffina. Kawu ya karɓi wayar ya duba ya ce, "Wannan da ya sa hoton zaki a maimakon fuskarsa, ɗan gidan wane ne? Wa ya karantar da shi?" Baba ya ce ko ɗaya babu mai sa hannu. A nan kaɗai na taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya.

Da farko ina jin daɗi. Amma ni ba mai dogon haƙuri ba ce, kowa ya sani. In taso daga aiki a gajiye, in tuƙa tuwon shinkafa, in yi miyar taushe da kabewa da man shanu, in kawo in ajiye, sai ya huce ya yi ɓawo suna can suna nuna wa juna yatsa a kan jirgin da babu shi a duniya. Jirgin da babu shi! In na ce a ci abinci sai a ce, "Tsaya, Uwata, zo ki duba mana nan." Wata Juma'a kuma abin ya wuce gona da iri. Kawu ya ce aikin gwamnati ya busar wa Baba da ƙwaƙwalwa, Baba ya miƙe tsaye jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce shi ba a taɓa kama shi da ɓatan takarda ba. Yana da hawan jini. Bayan Kawu ya tafi na gwada jinin, na ga abin da ya tayar mini da hankali. A keke ina komawa Badarawa na ce a raina, wannan gardamar ni zan kashe ta kafin ta kashe mini uba.

Aikina a ma'aikata buga takardu ne, kuma Baba ne ya koya mini tsara wasiƙa tun ina sakandare. Ranar Talata da aka fita cin abinci na zauna a kwamfuta na tsara wasiƙa da Turanci, wai daga kamfanin da ya shirya fim ɗin. Na yi mata kai mai kyau, na sa lamba, na sa kwanan wata. Na nemo wa kowane harafi kalmarsa, har wanda yake yi wa Baba gardama na lallaɓa shi ya zauna. Na rubuta cewa kwamiti ne ya zauna ya amince da sunan. Na yi wani sa hannu mai kama da tafiyar tsutsa, na ninke ta uku na sa a ambulan. Baba na ba wa nasara, don shi ne mai hawan jini. Ina ninkewa ina jin kaina wata mai dabara.

Ranar Juma'a na bari sai da suka ɗau zafi, sannan na fito na ce, "To, a saurara. Na rubuta wa masu fim ɗin, ga amsarsu."

Baba ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini ya ce in fassara wa Alaramma. Na fassara. Kawu ya saurara yana shafa gemu, ko kallon takardar bai yi ba, don shi takarda ba ta gabansa. Ni ya kalla.

Ya ce, "Ɗiyata, wa ya ba ki wannan?"

"Su suka aiko, Kawu."

"Ke kika rubuta musu?"

"Ni ce."

"Kuma ke kika karɓa, ba wani ne ya karɓo miki ba?"

Na ce, "Da hannuna na karɓa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Shi ke nan. Ni na ɗora ki a kan allo, a gabana kika girma, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Tsakanina da tushe mutum ɗaya ne, kuma amintacce. Na karɓa." Ya miƙa wa Baba hannu ya ce, "Akawu, ka yi gaskiya, ni na yi kuskure."

Ranar suka ci tuwo da zafinsa, har da ƙari. Baba ya huda wasiƙar ya ɗaure ta a fayil, ya rubuta "An rufe" ya ja layi biyu. Na koma gida ina ce wa maigidana yau na yi maganin tsofaffi.

Juma'ar da ta biyo Kawu bai zo ba. Na ce ko wani suna ne ko jana'iza ta tsare shi. Ta biyu ma shiru. Baba ya kunna shirin, Albarzam ya ɓullo, mai fassara ya yi ihunsa, Baba ko motsi. Can ya kashe ya ce idonsa na ciwo. A ta uku na lura tun da aka sauko daga masallaci yake kallon ƙofa, duk keken da ya tsaya a layin sai ya ɗaga kai. Abincin da na zuba masa rabi ya ci. Jinin dai ya sauka, na gwada, lafiya lau. Amma mutumin ya koma kujerarsa, ya koma "Allah ya yi albarka".

Na fita tsakar gida na kira Kawu. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, lafiya muka daina ganinka?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, ɗiyata. To in zo in yi me? Magana ta ƙare."

"Haba Kawu, sai da magana za ka zo gidanmu?"

Ya ce, "Da yayata tana nan, gidan yayata nake zuwa. Yanzu kuwa ƙato da ni, da gemu, in riƙa tsallako gari duk mako ina zaman cin tuwo a gidan suruki ba dalili? Ai da kunya. Da dai akwai mas'alar da ake warwarewa, wannan neman ilimi ne, ko wa ya tambaye ni ina da amsa. Zan leƙo da salla in sha Allahu."

Da salla! Wata huɗu ke nan. Na tsaya da waya a hannu ina jin kamar in mari kaina. Ashe jirgin nan da nake rainawa shi ne yake ɗauko Kawu daga Rigasa ya sauke shi a falonmu, ni kuma na bi na harbo shi da wasiƙa ɗaya.

Na koma ciki na durƙusa a gaban Baba. Ban yi wani kwana-kwana ba, na ce, "Baba, wasiƙar nan ni na rubuta ta. Babu kamfanin da ya aiko."

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar. Ɗauko fayil ɗin." Na ɗauko, ya buɗe ya ɗora yatsa a ƙasan wasiƙar. "Karanta nan. 'Ni ne bawanka mai biyayya.' Uwata, wa ya rage a duniya yana rufe wasiƙa da wannan? Turawan da suka kawo shi ma sun binne shi tun kafin a haife ki. Daga ni sai wanda na koya wa. Ga lambar ma, tsarin ma'aikatarmu ne sak. Kuma ninki uku, gefen hagu a ciki."

Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi ya taso. Na ce, "To Baba, ka sani ka yi shiru? Ka bar Kawu ya ba ka hannu?"

Sai ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya ce, "Shekara arba'in ina gardama da kawunki, ban taɓa kayar da shi ba ko sau ɗaya. Ko uwarki bayansa take bi. Da na ga ya miƙo hannu, wallahi kasa mayarwa na yi." Ya rufe fayil ɗin a hankali. "To ga nasarar nan, mako uku ina zaune da ita. Ko gaisuwa ba ta amsawa."

Na yi dariya ina hawaye. Na ce to ya kira Kawu ya faɗa masa. Ya ce a'a, a ƙa'idar aiki wanda ya fitar da takarda shi yake janye ta. Na san ƙa'ida ce, na kuma san tsoro ne, amma gaskiyarsa ce.

Ranar Alhamis da na tashi aiki na wuce Rigasa. Tun daga bakin titi har lungunsu ina shirya yadda zan faɗa, ina rushewa. Ban taɓa jin tsoron Kawu ba sai ranar, don na san abin da zan rasa. Na same shi a zaure shi kaɗai bayan la'asar, yana ɗinke bangon wani littafi da ya yage. Na gaishe shi, na zauna a gefen tabarma, na faɗa masa komai ina kallon ƙasa.

Ya daina ɗinkin. Allurar ma ya ajiye. Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take.

"Da hannunki kika ce."

"Na ce, Kawu."

"Sau uku na tambaye ki."

Wannan ya fi mini duka ciwo. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na ce ya yafe mini, na faɗa masa tsoron jinin Baba ne, na kuma faɗa masa gaskiyar cewa har da haushin tuwona. Ya ce, "Yafewa na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ki sani, a wajen masu ilimi wanda aka kama ya ƙirƙiri ruwaya sau ɗaya, ko ya tuba ba a ƙara karɓar labarinsa. Ke ɗiyata ce har gobe. Amma ruwayarki ta faɗi."

Na ce na ji, na kuma cancanta. Ina share ido sai na ga ya ɗago, girarsa ta haɗe, yana lissafin wani abu.

Ya ce, "Tsaya. In takardar jabu ce, ke nan maganar kwamiti ba ta tabbata ba."

"Ba ta tabbata ba, Kawu."

"Ke nan maganar tauraro tana nan da ranta."

"Tana nan."

"Shi Akawun ya san da wannan?"

Na so in rufa wa Baba asiri, amma wadda aka gama yi wa hukuncin ƙarya yanzun nan ba ta da bakin ƙara wata. Na ce tun ranar farko ya gane.

Kawu ya miƙe zumbur har littafin ya faɗi. "La'ilaha illallahu! Ya sani, ya bar ni na ba shi hannu? Ya ci tuwo a kan nasarar sata, har da ƙari? Yau ga tsohon banza!" Yana faɗa amma fuskarsa sai walƙiya take yi. Ya shiga jawo littattafai daga kan kanta yana cusawa a gafaka. Ya ce, "Gobe me za ki dafa?" Na ce dambu. Ya ce, "Sai na gani."

Washegari tun kafin in gama turara dambun na ji sallamarsa, irin mai ƙarfin nan. Baba ya riga ya sa hula ya ɗora fayil a cinya, wai shi ba jiran kowa yake yi ba. Kawu bai ko zauna ba ya ce, "Akawu, miƙo hannun nan da na ba ka, aro ne." Baba ya ce hannu in an karɓa an shigar a fayil ba ya fita sai da takardar nema. Suka kaure. Ina kicin ina jin Baba yana dariya har da tari. Da na leƙo na ga ya soke "An rufe" da jan biro, ya rubuta "Jabu" a kan wasiƙata, ya bar ta a ciki don a cewarsa ba a cire shafi daga fayil. Dambun ya huce kafin su waiwaye shi. Na ɗumama na sake kawowa, ko uffan ban ce ba. Abu ɗaya na kafa musu, duk wanda ya miƙe tsaye a cikin gardama ya faɗi ta ranar, kuma Baba zai sha maganinsa a gaban Kawu kafin a fara. Kawu ya ce wannan sharaɗi ne ba ruwaya ba, don haka ya karɓa.

Hukuncina kuwa yana nan, Kawu bai sassauta ba. In na ce an kira salla sai ya ce wa Baba, "Akawu, ka ji kira?" In na ce hadari ya haɗo sai ya tashi ya leƙa taga. Ran da na ce masa rigarsa ta kama da ƙofa, sai da ya ji ta ɓarke sannan ya yarda, kuma ya ce dacewa ce. Wani lokaci abin yana ba ni dariya, wani lokaci kuma yana yi mini zafi har yanzu, don na san akwai wani wuri da nake da shi a wajensa wanda na sayar da hannuna.

Bara kuma sai ga wani a zauren waya ya turo hoton bidiyo na hira da mutumin da ya rubuta shirin, wani tsohon Bature mai furfura. Aka tambaye shi asalin sunan, ya yi dariya ya ce sunan kyanwar maƙwabciyarsa ce, wata ƙatuwa mai faɗa da ta hana shi sakat lokacin da yake rubutun. Ba tauraro, ba kwamiti. Na kalla sau uku. Na yi niyyar in haɗiye abina, amma na riga na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara yi wa mutanen nan ɓoye-ɓoye ba.

Ranar Juma'a na ajiye abinci na ce, "Baba, Kawu, na sami amsar gaskiya. Sunan kyanwa ne. Mai shirin ne ya faɗa da bakinsa, ga shi nan a wayata."

Suka dubi juna. Kawu ya ce, "Wa ya kawo labarin?"

Baba ya ce, "Uwata ce."

"To."

Na miƙa wayar na ce su kalla da idonsu. Kawu ya ce shi bai san tsohon ba, bai san wanda ya ɗauke shi ba, wadda ta kawo shi kuma an san halinta. Baba ko karɓar wayar bai yi ba, ya ce a zamanin nan wadda ta iya ƙera kamfani guda a lokacin cin abinci, tsohon Bature ɗaya ba zai gagare ta ba. Kawu ya ce, "Kyanwa! Ko ƙaryar ma ba ta iya zaɓa ba." Suka tuntsire da dariya, Kawu ya jawo gafaka ya ce ya samo littafin nan na Zariya.

Na mayar da wayata cikin jaka na koma kicin. Gaskiya tsagwaronta na faɗa, aka ƙaryata ni a gaban idona, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba. Da yamma ina kwashe kwanuka na ga fayil ɗin a buɗe a kan tebur, ya yi kauri har zaren yana neman kasawa. A shafin ƙarshe Baba ya rubuta, "Uwata ta ce kyanwa. Ba a karɓa ba." A ƙasa kuma, da rubutunsa mai kwanciya, "A sake kawowa Juma'a."